Ganyen Gwaiba: Yadda Nake Dafa Shi, da Inda Aikinsa Ya Tsaya

Bishiyar gwaibar da ke tsakar gidanmu a Gwale ta girmi 'yar farina. Uwar mijina ce, Allah ya gafarta mata, ta dasa ta a gindin rijiya, daidai inda ruwan alwala ke gangarawa, shi ya sa ko a watan Afrilu da komai na garin nan ya yi ƙurmus, ita ba ta rasa ɗanyen ganye. Inna muke ce mata. Ungozomar unguwa ce, kuma a hannunta na koyi yawancin abin da zan faɗa a nan, ban da abu ɗaya da aka koya mini a asibiti da tsawa. Zan zo kansa.

Ba a rufa mako ba a yi sallama a soro an ce wai a taimaka da ganyen goba ba. Haka yawancin Kanawa ke kiranta, wasu su ce gwaba, duk dai ita ce. Nakan tsinko in bayar, ganye ai ba abin rowa ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi da shi bayan ya fita daga gidan. Wata ta cika tukunya maƙil ta dafa har ruwan ya koma kamar na rini. Wata ta ɗura wa jaririn wata uku. Wata kuma ta ajiye maganin sugan da likita ya rubuta wa mijinta saboda ta ji a WhatsApp cewa ganyen ya wadatar.

Gwaiba ba 'yar ƙasa ba ce irin tsamiya da kuka da kanya da ɗinya. Asalinta daga Meziko ne da ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka, jiragen ruwan mutanen Fotugal da Sifaniya suka yaɗa ta zuwa Afirka da Asiya. Mutanen Fotugal goyaba suke ce mata, kin ji kusancinsa da namu sunan. Abin da ke burge ni shi ne duk inda bishiyar nan ta sauka, Meziko ne, Indiya ne, Filifin ne, nan Kano ne, tsofaffin wurin abu ɗaya suka fara yi da ganyenta: maganin gudawa. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba in suka haɗu a kan magana guda, ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta.

Ki tauna tohon ganyen ki ji. Ba ɗaci ne da shi irin na darbejiya ba, bauri ne, irin wanda ke tattare miki baki har harshe ya yi kaushi. Wannan baurin wani sinadari ne da ake kira tanin, shi ne a cikin goro, shi ne a shayin da ya daɗe a kan wuta, kuma shi ne a bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yadda yake tsuke fatar akuya a kwatarniyar jima, haka yake ɗan tsuke bangon hanji, ruwan da ke tsattsafowa ya ragu. 'Yata ta biyu, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta ƙara mini da cewa akwai wani sinadarin a ganyen mai suna kwasetin, shi ke sassauta murɗawar ciki. Inna ba ta san waɗannan sunaye ba. Ita abin da take cewa kawai shi ne ganyen goba na ɗaure ciki, kuma abin da ke ɗaurewa ba a wasa da yawansa.

Tsinko ganyen

Ki fara tabbatar da cewa ganyen gwaiba ne a hannunki, musamman in aike kika yi. Ganyenta biyu-biyu yake fitowa suna fuskantar juna a jikin reshe. In kin juya bayansa za ki ga jijiyoyi sun taso raɗau a jere kamar haƙarƙari. Sabon reshe ba mulmulalle ba ne, kusurwa huɗu gare shi, ki murza shi tsakanin yatsu za ki ji. Jikin bishiyar sumul yake, ɓawon na saɓulewa siriri-siriri. In kin murje ganyen kuwa ƙamshin ɗanyar gwaiba zai bugi hancinki.

Na tsakiya nake ɗiba: ba tohon can ƙarshe mai ja-ja da laushi ba, ba kuma tsohon da ya yi tauri ya fara rawaya ba. Ganye na uku zuwa na shida daga bakin reshe. Da safe nake tsinka kafin rana ta yi zafi. Kowane ganye sai na juya bayansa, domin nan ne wasu fararen ƙwari masu kamar auduga ke maƙalewa, inda suke kuma za ki ga saman ganyen ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya. Irin wannan a bar wa akuya.

Kada ki ɗebi na bishiyar bakin titi, wadda ke shan hayaƙin Adaidaita Sahu tun asuba har dare. Kada ki ɗebi na wadda ke tsaye a bakin kwata, ko wadda ake shayarwa da ruwa irin na Jakara. In daga lambu aka kawo miki, ki tambayi mai lambun ko ya yi feshi kwanan nan, masu manyan gwaibar nan ta aure suna yi saboda ƙudan da ke sa mata tsutsa. Wadda ba ta da bishiya a kusa za ta samu busasshe wurin masu magunguna a Kasuwar Kurmi ko ta Rimi. Shawarata ki sayi ganyen a yadda Allah ya yi shi, wanda idonki zai shaida, ki daka da kanki. Ba zargin kowa nake ba, amma gari kore duk kamarsu ɗaya a ƙullin leda.

Wanki sau uku, ganye ɗai-ɗai, ciki da baya, kamar yadda kike wa latas. A hunturu ruwan farko jajir yake fitowa saboda ƙura.

Dahuwar

Ma'aunin Inna tafin hannu ɗaya ne a moɗa biyu. Da yake moɗa ta ɓace daga gidajenmu, tafin hannu kuma kowa da girman nasa, sai na mayar da shi lissafi: ganye 10 matsakaita a ruwa lita 1. Lita ɗaya ita ce ledar fiya wata biyu, in an rubuta 50cl a jikinta. In busasshe ne da kika marmashe, cokalin cin abinci biyu ya isa.

Ki ɗora ruwan ya tafasa tukunna, sannan ki yayyaga ganyen ki zuba, ki rufe, ki rage wuta. Minti 10, kada ya wuce 15. Launin da kike nema shi ne na shayi marar kauri, ruwan ƙasa mai haske wanda za ki iya hango gindin kofi ta cikinsa. In ya yi duhu har ba kya ganin ƙasa, ya wuce ƙa'ida, ki sirka da tafasasshen ruwa. Ki sauke, ki bar shi a rufe ya huce, ki tace da matacin shayi.

Tukunyar ma da magana. Ta ƙasa ko ta silba mai kyau ko samira wadda ba ta ɓantare ba. Kada ki dafa a tukunyar ƙarfe mai tsatsa, domin tanin da ƙarfe in sun haɗu ruwan baƙi yake komawa kamar tawada, ɗanɗanonsa ma ya ɓaci. Wannan rashin jituwar tasu tana da wani gefen da ya fi muhimmanci: tanin na hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Duk wadda ke shan ƙwayar ƙarin jini kada ta kora ta da ruwan ganyen gwaiba, ko da baƙin shayi ma, ta ba da tazarar awa biyu. Mai ciki kuwa ni ba na ba ta sam, ta ci 'ya'yan, ta bar ganyen.

Babban mutum mai gudawar da ba ta zo da zazzaɓi ko jini ba, irin ta wanda ya ci abincin biki da ya kwana ko ya sha zoɓon da ba a san ruwansa ba, kofin shayi ɗaya da ɗuminsa, safe da rana da dare. Yawanci murɗawar ce ke fara lafawa, zaryar banɗaki ta biyo baya. Kwana biyu ne iyaka. In ta tsaya tun ranar farko ki daina, in ba haka ba sai ki koma neman abin da zai kwance miki cikin. In ta kai kwana biyu ba sauƙi, ba aikin ganye ba ne kuma. Abin da kika dafa da safe ya ƙare a ranar, ba a shan kwantai, zafin Kano ba ya barin komai.

In gudawar ta kama mutum a inda ba wuta ba tukunya, ya wanke toho uku ko huɗu ya tauna, ya haɗiye ruwan ya tofar da tuƙar. Maigidana da wannan yake tsira in ya je gona.

Abin da na koya da tsawa

Autana na da wata tara, cikin damina, shekara biyu da rasuwar Inna, gudawa ta sarƙe shi. Duk wadda ta shigo sai ta ce haƙori ne, zai wuce. Ni kuma ina ji da kaina, ai ni ce magajiyar Inna. Na dafa ganye na riƙa ɗura masa da cokali. Ranar farko ba na iya ƙirga sau nawa na canza masa zane, rana ta biyu sau uku kacal ya yi. Har na fara yi wa maƙwabta bayanin yadda ake yi.

Da asubar rana ta uku ya buɗe baki yana kuka, muryar can ƙasa, ido ba hawaye. Na taɓa zanen da na shimfiɗa masa tun magariba, a bushe, ko ɗigon fitsari babu. Leɓensa ya tsattsage. Na shafa kansa na ji maɗigarsa ta loɓa har yatsana na shiga. Maƙwabciyata, wadda nake ce wa Yaya, ta shigo karɓar wuta, ta kalle shi, ta mintsini fatar cikinsa ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa. Ta ce, "Ke, ɗauko mayafinki, kada ki tsaya neman takalmi."

A asibiti ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta ce, "Baiwar Allah, me kika ba shi?" Na ce ganyen goba, kuma gudawar ma ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ta tsaya. To ruwan da ya zubar tun shekaranjiya fa, wa ya mayar masa?" Na rasa ta cewa. Suka nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, sai a gefen kansa suka samu bayan sun aske gashin wurin. Kwana biyu muka yi ana ƙara masa ruwa. Yau ga shi nan ya fi ubansa tsawo, Alhamdulillahi, amma hoton allurar nan a kansa bai bar idona ba.

Gudawa ba yawan zuwa banɗaki take kisa da shi ba, ƙarewar ruwa da gishirin jiki ne. Ganyen gwaiba yana rage abin da ke fita, bai san hanyar mayar da wanda ya riga ya fita ba. Saboda haka tukunyar ganye ba ta hawa wuta a gidana sai an riga an haɗa ruwan gishiri da sukari.

Wanda ya fi shi ne na ƙunshi, ORS, da ake samu a kowane kemis. Ki karanta jikin takardar ki ga yawan ruwan da aka ce, ki juye ƙunshin gaba ɗaya, ba a raba shi. In dare ne ko babu kuɗi a hannu, ki haɗa na gida: ruwa mai tsabta lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. A shafe fa na ce, ba a tsiri ba. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, gishiri in ya yi yawa shi ma illa ne ga yaro. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iya yadda ransa ke so. In yaro ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zink ga yara masu gudawa: miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida kuma miligiram 10. Ana narka ta a cokali da ruwa ko ruwan nono. Ko gudawar ta tsaya a kwana na uku a ƙarasa kwanakin, a nan ne yawancinmu ke sakaci. Nono kuma ba a dainawa, ƙarawa ake yi.

Ni dai tun daga kan autana, yaron da bai kai shekara biyar ba ba na ba shi ruwan ganye, ORS da zink kawai. Jaririn da bai cika wata shida ba kuwa nono zalla, sai ORS da zink in yana gudawa, ba dauri ba jiƙo, ko kakarsa za ta yi fushi. Fushin kaka yana wucewa.

Akwai gudawar da ko babba ne ba a tsaya tsinkar ganye. Wadda ke zuba fara tas kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, mutum ya zabge cikin awowi: wannan kwalara ake zargi, a riƙa ba shi ORS a hanya har a isa asibiti. Wadda ke da jini da majina, wato atini, ko wadda ta zo da zazzaɓi mai zafi: ƙwayar cuta ce ke cin hanji, in kin ɗaure cikin kin kulle ƙofa ne ɓarawo na ɗaka. Haka tsoho da ya fara ruɗewa, ko yaron da ya ƙi karɓar nono.

Baki da fata

Inda na fi sakin jiki da ganyen nan shi ne abin da ba haɗiyewa za a yi ba. Dasashi mai zubar da jini in ana goge baki, ƙurajen baki, warin baki, maƙogwaro mai kaikayi a hunturu. Dahuwar dai ita ce, sai dai a nan kina iya ninka ganyen ya kai 20, ki jefa gishiri ɗan mintsili. A guntsa da ɗumi, a kurkure na kamar minti ɗaya, a tofar, safe da dare. Inna reshen take karya ta yi asuwaki da shi, kuma ta rasu da haƙoranta. Amma haƙorin da ya yi rami yana hana barci, ganye zai lallashe shi ne kawai na dare ɗaya. In kunci ya kumbura, likitan haƙori za a nema.

Ƙujewar yara a wurin ƙwallo da ƙurajen zafi, a wanke da ruwa da sabulu tukunna, sannan a dauraye da tacaccen ruwan ganyen da ya huce. Kada a tauna ganye a manna a kan buɗaɗɗen ciwo, bakin mutum ba shi da tsabtar da muke zato. Ciwon da ƙusa mai tsatsa ta yi, da cizon kare, da duk wani gyambo a ƙafar mai ciwon suga, waɗannan ko kallon bishiyar kada a yi.

Surace ma da shi ake yi. Mu a gidanmu ganyen gwaiba ne da na mangwaro da na lemon tsami da darbejiya, a babbar tukunya. In ya tafasa a sauke, mutum ya zauna a kujera 'yar tsugunno ya lulluɓa da bargo shi da tukunyar, minti biyar zuwa goma, ya fito ya goge jiki ya sha ruwa. Yana buɗe hanci, yana sassauta ciwon gaɓoɓi, barci ya zo da daɗi. Tukunyar ake kaiwa ƙarƙashin bargo, ba da kurfoti ba, hayaƙin gawayi a rufaffen wuri kisa yake ba sallama. Ba a yi wa ƙananan yara saboda ƙuna, ba a yi wa mai ciki, mai hawan jini ma ya haƙura. Kuma gumin da aka haɗa bai kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba, tana nan cikin jini. Gwajin ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne, a yi shi kafin a ɗora tukunya. Taifot in aka yi ta lallaɓa shi da surace yana iya huda hanji. Wanda idonsa ya yi rawaya aka ce shawara ce, hantarsa za a je a duba.

Masu ciwon suga

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a soro yanzu, kuma maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. A Japan tun shekarar 2000 hukuma ta amince da wani shayin ganyen gwaiba na kamfanin Yakult a matsayin abin sha ga masu lura da sukarin jininsu. Aikin da yake yi shi ne rage saurin da hanji ke mayar da tuwo da shinkafa da burodi su zama sukari, sai hawan da sukarin ke yi bayan cin abinci ya ɗan sassauta. Shi ya sa tare da abinci ake shansa, ba da sassafe a kan yunwa ba. Ki lura kuma, can ɗin ma a matsayin abin sha suka karɓe shi, ba su ce ya maye gurbin magani ba.

Maigidana na da suga. Yana shan kofi ɗaya marar kauri da tuwon dare, ba sukari ba zuma, kuma likitansa ya sani. Ƙwayarsa bai fasa ba ko sau ɗaya, na'urar gwajinsa na kan tagar ɗaki. Wanda ke allurar insulin ko ƙwayoyin da ke sauke sukari da ƙarfi ya tambaya kafin ya fara, domin sukari in ya faɗi ƙasa ya fi hawansa saurin kayar da mutum: rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ganin duhu. In haka ta faru a ba shi sukari ko lemon kwalba nan take.

'Ya'yan

Muna ta hidimar ganye, alhali abin da ya fi amfani yana faɗowa ƙasa jemagu na ci. Giram 100 na gwaiba na ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 228, lemon zaƙi kuwa wajen 53, wato ta ninka shi sau huɗu. Abin da babban mutum ke buƙata a yini bai wuce 75 zuwa 90 ba. Daga ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da ta cika 'Yan Lemo a Na'ibawa har masu baro na bin lungu da ita, babu kayan marmarin da ya kai ta araha da albarka. A wanke da kyau a ci da ɓawonta, ba a feraye gwaiba. A dai tsaga a duba, wadda ta nuna luguf ba a raba ta da tsutsa.

Abin mamaki, ita da ganyenta hannun riga suke. Nunanniya tana sassauta ciki, mai fama da taurin bayan gida ko basir ya ci ɗaya ko biyu ya bi da ruwa. Ɗanya shakaf kuwa baurin nan ne a jikinta, ita ce yara ke jifa su cika ciki da ita, washegari a same su a kan fo suna nishi da hawaye. Batun cewa ƙwallayenta na taruwa su jawo afendis, da shi aka tsorata mu muna yara, amma abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai ciwon ƙoda da aka hana shi ayaba saboda sinadarin fotasiyam, gwaiba ma na da shi da yawa.

Sauran abubuwan da ake turowa a waya, wai yana buɗe bakin mahaifa a samu haihuwa, wai yana wanke ciwon sanyi, wai yana narkar da tumbi cikin mako, wai yana kashe daji, Inna da ta yi shekaru tana karɓar haihuwa ba ta taɓa faɗa mini ko ɗaya ba, 'yata ma dariya take yi. 'Yan matan gidan nan na dauraye gashi da ruwansa bayan sun tsefe kitso, na bar su, ba ya cutarwa. Matsi da shi ko cusa shi a gaba kuwa na hana, wurin ba ya son abu mai busarwa, kuma ciwon sanyi na gaske miji da mata ake yi wa magani tare.

Ɓawon bishiyar da saiwarta sun fi ganye bauri nesa ba kusa ba, tsofaffi na dafa su, ni ba na yi, ganyen ya ishe ni. Wani baƙo ya taɓa shigowa ba na nan ya sassaƙe mini kusan rabin gindin, sai da reshe biyu suka bushe. Bishiya in aka zagaye gindinta da sassaƙa mutuwa take yi.

Na ajiya a farkon hunturu nake shanya shi, lokacin da iska ta bushe. A wanke, a tsane, a baza a faifai ɗai-ɗai a cikin rumfa inda iska ke ratsawa, a yafa masa siririn mayafi saboda ƙura. Ba a rana ba, rana na cinye ƙamshin ta bar miki kara. Kwana huɗu zuwa biyar zai yi ƙaras, in kin matsa ya karye. Wanda aka shanya daidai kore-kore yake zama, ba ja ba. A zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda ba haske, a rubuta watan a jiki. Da damina ta kama ki riƙa buɗewa kina shinshinawa, in kin ji warin fumfuna ko kin ga fari-fari a juye a bola, kada ki ce za ki wanke. Ni ba na barin nawa ya zagayo shekara.

Mai aiko yaro kuma, don Allah a faɗa masa wa za a yi wa da shekarunsa, domin sai na tambaya kafin in miƙa hannu reshe. In ya ce ƙaninsa ne na goye, ganye ba zai fita ba. Akwai ƙunshin ORS a gwangwanin da ke kan firjina, shi zan damƙa masa, in sa mayafi in biyo shi.